Makonni Takwas Da Ke Cin Jarin Mai Kiwon Kaji A Bayan Gida

A unguwannin Bauchi irin su Yelwa da Fadamar Mada da Gwallameji, da wuya mutum ya bi layi guda bai ji kukan kaji daga bayan wata katanga ba. Wasu kajin Hausa ne masu yawo a tsakar gida suna tonon abin da za su ci, wasu kuwa jajayen kajin gidan gona ne, guda talatin ko hamsin, da aka killace a wani ɗaki mai tagar waya. Masu irin wannan kiwo na biyu galibi ma'aikata ne, ko 'yan fansho, ko matan aure da suka zuba kuɗin adashi, kuma lissafin da ya jawo su iri ɗaya ne: kaza ta yi ƙwai, a tara kiret, a kai wa mai shayi ko mai kanti, a sami na cefane. Lissafin yana da gaskiyarsa, sai dai akwai rami a cikinsa, watau tazarar da ke tsakanin ranar da aka ce kaza ta isa saka da ranar da ƙwanta ya fara biyan kuɗin abincinta. Wannan tazara takan kai mako shida zuwa takwas, kuma a cikinta ne ƙananan masu kiwo da yawa suke fid da rai, su karyar da kajin a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, daidai lokacin da riba take dab da fitowa.

Ya kamata a fara da alƙalami. Jar kazar gidan gona takan ci abincin da ya kai kilo 6 zuwa 7 daga ranar da aka ƙyanƙyashe ta zuwa mako na 18. Ke nan kaji hamsin za su cinye kimanin buhu 13 mai cin kilo 25 kafin a ga ƙwai ko ɗaya. Yawancin masu kiwo sun san da wannan, sun kuma yi masa tanadi. Abin da ba su cika sa wa a lissafi ba shi ne abin da ke biyo baya. Da zarar sagara, watau budurwar kaza, ta fara saka, cinta yakan tashi zuwa giram 110 ko 120 a yini. Kaji hamsin za su ci kusan kilo 6 kullum, buhu guda kuma ba zai wuce kwana huɗu ba. Amma kajin ba sa fara saka rana ɗaya. A mako na 19 ko na 20 mai kiwo yakan tsinci ƙwai uku ko biyar a yini. Idan an kiyaye komai, rabin kajin za su kama saka wajen mako na 21 ko na 22, ba za su kai ƙololuwa ba, inda takwas ko tara cikin kowace goma suke saka kullum, sai wajen mako na 26 zuwa na 28. A cikin waɗannan makonni takwas za su ƙara cinye buhu 12 zuwa 14, kusan daidai da abin da suka ci tun suna 'yan tsaki, alhali ƙwan da ake samu a farko bai taka kara ya karya ba.

Da yake farashi ba ya zama wuri ɗaya, hanya mafi sauƙi ita ce a auna buhu da kiret. Alal misali, idan kuɗin buhu guda ya yi daidai da kuɗin kiret uku, watau ƙwai 90, to sai kaji hamsin sun riƙa ba da ƙwai 23 a yini kafin su biya abin da suka ci. Idan buhun ya kai kuɗin kiret huɗu, sai sun ba da 30. Wannan kuwa kuɗin abinci ne kaɗai, ba a sa na ruwa da magani da dusar katako ba, balle a yi zancen mayar da uwar kuɗi. Abinci shi ke ɗaukar kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a wannan sana'a, masara kuma ita ce kusan rabin abincin. Shi ya sa duk abin da ya taɓa masara yakan isa akurki nan da nan, tun daga hana shigo da ita da aka yi a shekarar 1985, wanda ya durƙusar da gonakin kaji da dama, har zuwa watan Yuli na 2020 da Babban Bankin Nijeriya ya daina ba masu shigo da ita kuɗin ƙasashen waje, da kuma janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya ƙara kuɗin dakon kowane buhu daga Jos zuwa Bauchi.

To, a nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kowane tsada. Mai kiwo ya ga buhu yana ƙarewa, ƙwai bai taru ba, aljihu ya yi ƙasa, sai ya sayo dusar masara ya gauraya da abincin don ya yi auki. Kajin za su cinye tas, cikinsu ya cika, shi kuma ya ga kamar ya yi dabara. Bayan mako guda sai ya ga ƙwan ya tsaya cik, ko ma ya ja baya. Dalilin yana cikin jikin kazar. Sagarar da ta fara saka ba ta gama girma ba. Tana gina jikinta tana kuma yin ƙwai a lokaci guda. Abincin masu saka yana ɗauke da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da sinadarin kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4, alhali abincin da aka rene ta da shi kalsiyam ɗinsa bai fi kashi ɗaya ba, dusa kuwa kusan babu shi a cikinta. Ɓawon ƙwai guda yana cin kimanin giram 2 na kalsiyam, kuma kaza tana bukatar ta ci wajen giram 4 kullum kafin ta iya samar da shi. Ƙwai yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kusan awa 20 daga ciki a wajen yin ɓawo suke tafiya, yawanci da dare. Idan ba ta samu a abinci ba, sai ta ciro daga ƙashinta. Tana da ɗan ajiya da jikinta yakan tara a cikin ƙashi kamar mako biyu kafin ƙwan farko, amma ajiyar ba ta da yawa. In ta ƙare sai ɓawo ya yi laushi, ƙafafu su yi rauni, a ƙarshe kazar ta daina saka don ta tsira da ranta. Kazar da aka yi wa haka a makonninta na farko ba ta cika kai ƙololuwar da ya kamata ta kai ba, ko da an gyara abincin daga baya. Kuɗin buhu biyu da aka yi tattali a watan farko a jikin ƙwan shekara guda ake biyansa.

Saboda haka ake sauya abinci tun kafin ƙwai ya yawaita. Ana fara gauraya na masu saka da na reno wajen mako na 17 ko na 18, ko kuwa da zarar an ga ƙwan farko, a cikin mako guda a koma na masu saka zalla. Yana da kyau a ajiye garin ƙashi ko tsakuwar farar ƙasa a wani kasko dabam, musamman da yamma, wadda take bukata ta tsattsaga.

Abin da zai wuce da abin da ba zai wuce ba

Da yawa daga cikin abubuwan da ke tayar wa sabon mai kiwo hankali ba cuta ba ne. Ƙwan farko ƙarami ne, giram 40 zuwa 45, ba zai kai giram 60 da masu saye suka saba gani ba sai bayan wata biyu ko uku. Wani yakan fito babu ɓawo, sai fata kawai. Wani dogo, wani da ɗigon jini a jikinsa, wani da gwaiduwa biyu, wanda yara kan yi murna da shi. Wata kazar ta yi yau, ta huta kwana biyu, ta sake yi. Duk wannan alama ce ta cewa jikinta bai daidaita ba tukuna, kuma yakan wuce cikin mako biyu ko uku ba tare da an ba da komai ba. Abin takaici, a daidai nan ne wasu ke garzayawa kantin magani su sayo ƙwayoyin kashe cuta su zuba a ruwa. Kuɗi ya tafi a banza, ga shi kuma ragowar maganin yana fitowa a cikin ƙwan da za a sayar wa jama'a.

Haka nan zancen zakara. Har yanzu akwai masu sayo zakara su jefa cikin kajin don wai su yi saurin saka. Kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in ana son a ƙyanƙyashe shi. Abin da zakaran kasuwa yakan kawo shi ne ƙuma da cuta, da kuma ƙorafin maƙwabta.

Akwai kuma ƙananan halaye waɗanda in aka yi sakaci da su suke zama asara. Sagara ba ta san inda za ta yi ƙwai ba sai an nuna mata. In ba a sa mata wurin saka tun mako biyu kafin ta fara ba, za ta zaɓi wani lungu a ƙasa, kuma in ta saba da shi da wuya ta bari. Ƙwan ƙasa yakan ɓaci da kashi, a tattake shi, ya fashe. Daga ranar da kaza ɗaya ta ɗanɗani fasasshen ƙwai, sauran za su koya, sai mai kiwo ya riƙa tarar da ɓawo da danshi kawai, ya yi ta zargin ɓera ko yaran gida. Maganin wannan ba shi da tsada: akwati ko kwali ko tsohuwar tukunya guda ga kowace kaza huɗu ko biyar, a sa a wuri mai ɗan duhu, a shimfiɗa dusar katako ko ɓuntun shinkafa, a kuma riƙa kwashe ƙwai sau uku a yini, tun da yawancin kaji kafin azahar suke saka.

Wanda ya fi haɗari shi ne zazzagowar baya. Sagarar da ta fara saka tun jikinta bai kai ba, ko wadda ta yi ƙiba da yawa, ko wadda ta yi ƙwai mai gwaiduwa biyu, bayanta yakan fito ja bayan ta saka. Kaji kuwa ba sa ganin ja su ƙyale. Cikin 'yan mintoci sauran za su taru su yi ta sara har su jawo hanjinta. Cunkoso da haske mai ƙarfi suna ƙara wannan hali. Ɗakin da ya wuce kaza huɗu ko biyar a kowane murabba'in mita ya cika, kuma duk wadda aka ga jini a jikinta a ware ta nan take.

Zafi da haske

Kazar gidan gona ta fi sakewa a yanayin da bai wuce digiri 24 ba. A Bauchi kuwa, daga watan Maris zuwa farkon Mayu zafin rana yakan doshi digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano kuma ya fi waje zafi. Kaza ba ta gumi, haki take yi. Hakin nan yana fitar da iskar da jininta ke bukata wajen haɗa ɓawo, ga shi kuma zafi ya rage mata ci. Don haka a bazara ƙwai yakan ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi sirara, ko da abincin mai kyau ne. Abin yi shi ne a shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, a buɗe tagogi, a ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, a bar tsakar rana ga ruwa. Kaza takan sha ruwa ninki biyu na abin da ta ci, a bazara fiye da haka nesa. Ruwan randa ya fi na jarkar da ta wuni a rana. Gidan da ya dogara da 'yan ga-ruwa ya kamata ya sa wannan a lissafi, domin kajin da suka wuni babu ruwa sukan yi kwanaki kafin ƙwansu ya dawo.

Haske shi ne ke sanar da jikin kaza lokacin saka. Tana bukatar awa 14 zuwa 16 a yini kafin ta yi iya ƙoƙarinta, alhali tsawon yini a Bauchi bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Ke nan sai an ƙara mata da fitila. Ƙa'idar ita ce kada a fara sai kajin sun kai mako 17 ko 18 kuma nauyinsu ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi, sa'an nan a riƙa ƙara rabin awa zuwa awa guda kowane mako. Wanda ya yi gaggawar kunna fitila don ya ga ƙwai da wuri, shi ne yakan gamu da zazzagowar baya. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne kada hasken ya riƙa yankewa. Wutar da za ta zo yau ta ɗauke gobe ta fi rashinta illa, domin kaza takan ɗauki raguwar haske a matsayin alamar ta dakata. Ƙaramar fitilar sola da za a kunna da kiran asuba, a sake kunnawa da magariba a kashe bayan isha'i, ta wadatar da ɗakin kaji hamsin.

Daga nan za a ga cewa watan da aka sayi 'yan tsaki yana da tasiri a kan riba. Waɗanda aka kawo a watan Nuwamba za su fara saka a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, a tsakiyar zafi. Waɗanda aka kawo a farkon Yuni kuwa za su fara a tsakiyar Oktoba, lokacin da sabuwar masara ta shigo kasuwa, gari kuma ya fara sanyi, kodayake renonsu zai faɗo cikin damina, inda jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke jawo zawon jini.

Hunturu kuma yana da nasa. Shi ne lokacin da cutar Niyukasil, mai murɗe wuyan kaza, ta fi yaɗuwa a Arewa, kuma a wurin masu saka alamarta ta farko sau da yawa faɗuwar ƙwai ce da laushin ɓawo. Ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin rigakafinta da na Gumboro da na ƙurajen kaji. Matsalar ƙaramin mai kiwo ita ce kwalba guda galibi ta kaji ɗari ce ko fiye, dole a riƙe ta cikin sanyi, in an buɗe kuma ba ta wuce awa biyu. Maƙwabta biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su raba rana ɗaya, bisa jadawalin da likitan dabbobi ya tsara. Murar tsuntsaye ba ta cikin wannan lissafi. Tun da aka tabbatar da ɓullarta a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, ta kuma isa Jihar Bauchi a cikin shekarar, ta sake dawowa ƙasar a 2015 da 2021. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa rana ɗaya, wajibi ne a sanar da ofishin dabbobi, kada a yanka, kada a kai kasuwa. Haɗa kajin gidan gona da agwagi ko zabi ko kajin da aka sayo daga kasuwa, ba tare da an ware baƙin na mako biyu ba, shi ne ƙofar da cuta ta fi shigowa.

Wasu, don gudun wahalar reno, sukan sayi kajin da aka ce suna dab da saka. Hanya ce mai kyau in an san gonar da suka fito da ranar da aka ƙyanƙyashe su da rigakafin da aka yi musu. In ba haka ba, mai saye yana iya biyan kuɗin kaza mai mako 17 ya karɓi mai mako 12, ya yi ta ciyarwa wata biyu yana jira, ko kuwa a haɗa masa da tsofaffin da suka gama saka. Hannu da ido suna raba gardama. Wadda take dab da saka zankonta ja ne mai sheƙi, ya kuma fara girma, in an taɓa bayanta sai ta durƙusa, yatsu biyu kuma suna shiga tsakanin ƙasusuwan da ke gefen duburarta. Ƙarama zankonta ɗan mitsitsi ne, fari-fari, yatsa ɗaya ne ke shiga. Tsohuwa kuwa gashinta ya kakkarye, ƙafarta ta koɗe ta yi kaushi. Ko sahihan ma sukan yi jinkirin mako ɗaya ko biyu saboda wahalar hanya da baƙuntar wuri. Game da iri, akwai ShikaBrown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta fitar a shekarar 2000 domin ta jure yanayin ƙasar nan, amma yawancin 'yan tsakin da ke kasuwa daga gidajen ƙyanƙyasa na Ibadan da Jos suke zuwa.

Kazar Hausa lissafinta dabam ne, kuma bai kamata a auna ta da wannan ma'auni ba. Ba ta fara saka sai ta kai wata shida ko fiye, ta yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta a kansu kwana 21, sa'an nan ta shafe kusan wata biyu tana yawo da 'ya'yanta. A shekara ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 ba, inda ta gidan gona ke doshin 300. Amma ba ta cin buhu, kuma abin sayarwarta 'ya'yanta ne, in sun tsira daga shirwa da muzuru.

Saura kasuwa. Ƙananan ƙwai na makonnin farko ba a sayensu da farashin manya. Mai shayi, wanda ke fasawa ya soya, ya fi mai kanti karɓarsu, amma sau da yawa bashi yake so. Da damina ƙwan zabi yakan cika gari ya danne farashi, lokacin hutun makarantu ciniki yakan ja baya, da azumi kuma ya tashi. Ƙwai ba masara ba ne da za a ɓoye a jira tsada, domin a zafin Bauchi ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu yana da kyau. An ga haka a watannin Fabrairu da Maris na 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, sa'ad da ƙwai ya yi kwantai a gonaki ko'ina cikin ƙasar saboda masu saye ba su da kuɗi a hannu, alhali kajin ba su fasa ci ba. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A wannan sana'a kuwa kuɗi a hannu ya fi kiret a ɗaka. Don haka ake neman masu saye tun kafin ƙwan farko ya faɗo, a kuma ƙayyade bashi kada ya wuce na kwana huɗu, watau tsawon ran buhu guda.

Mai kuɗin da zai sayi kaji hamsin amma ba shi da na buhu 14 da za su biyo baya, gara ya sayi talatin ya ajiye sauran kuɗin. Ya kuma tanadi ɗan littafi, kowace yamma ya rubuta abu uku: ƙwai nawa aka kwasa, abinci nawa aka zuba, kaza nawa ta rage. Idan ƙwan yana hawa mako bayan mako, ko da a hankali ne, sai a ci gaba da ciyarwa. Idan ya faɗi da kashi goma cikin ɗari a cikin kwana biyu ko uku, a duba ruwa da fitila da buhun da aka buɗe na ƙarshe, in ba a ga dalili ba a kira likitan dabbobi a ranar.